Maganar da Yaya Rabi ta bar mini

Ina shanyar gero ranar Talata da hantsi aka aiko daga Baure cewa Allah ya yi wa Hajiya Rabi rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara goma sha tara muka yi tare a ƙaramin asibitin garinmu, ita ungozoma, ni mai taimaka mata. Yaya nake ce mata.

Mace ce da ba ta iya kwana-kwana ba. A shekarun da aka fara shari'a, lokacin da ba mai iya ambatar kwaroron roba cikin mutane, takan zaunar da samari masu rakiyar shanu Kudu ta ce, "Ku kame kanku, shi Allah ya ce. Wanda ya san ba zai kame ba, kada ya kwaso cuta ya kawo wa 'yar mutane." Amare kuwa ranar lalle take jan su gefe, ta yi musu bayanin gwajin jini da tazarar haihuwa. An zage ta, an kai ƙararta wurin dagaci. Abin da take cewa kawai, "Zagi ba ya hana ni cin tuwo. Gawar yaro ce ke hana ni."

Ɗana na fari yana cikin masu zuwa Kudun nan. Kowa ya san kunyar ɗan fari: ko sunansa ba na kira, balle in yi masa irin wannan zance. Da aurensa ya matso Yaya Rabi ta ce, "Hauwa, ke al'ada ta rufe miki baki. Turo mini shi a yi gwaji, in yi masa magana." Raina ya ɓaci, na ce, "Yaya, ɗana ba ɗan iska ba ne." Ban tura shi ba.

Bayan shekara huɗu ƙanjamau ya ɗauke shi, matarsa ta bi shi kafin damina ta zagayo. Yaya Rabi ce ta yi jinyarsu da hannunta, dangi na leƙowa daga bakin ƙofa. Ko sau ɗaya ba ta tuna mini abin da na faɗa ba, kuma har yau shirun nan yana ci mini rai.

Allah ya kuɓutar da ɗansu Nura, ni na raine shi. Yanzu ya zama saurayi, bayan Sallah zai tafi Kano neman aiki. Da na je duba Yaya Rabi a ciwon ajalinta, ta riƙe hannuna ta ce, "Wannan karon ke za ki yi. Tsakanin kaka da jika babu kunya, ba ki da mafaka."

Da na dawo daga gaisuwa na zaunar da Nura. Duk rayuwarsa zazzaɓi muke ce masa ya kashe iyayensa. Na gaya masa gaskiya, sannan na faɗa masa sauran, yadda na sha jin Yaya Rabi tana faɗa wa 'ya'yan wasu. Ya yi kuka, amma bai tashi ba sai da na gama.

Allah ya jiƙan Yaya Rabi, ya haskaka kabarinta, ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙurin rashinta. Ni kuma Allah ya yafe mini, ya tsare mini Nura.