Tasalla da Kunun Dusa

A unguwarsu a Gwandu, duk gidan da za a yi suna ko biki, in dai ana son furar fita kunya, Tasalla ake aika wa. Mace ce 'yar firit, kamar iska za ta ɗauke ta, amma in ta kama taɓarya sai ka tausaya wa turmin. Sau biyu take surfa gero, ta bakace, ta wanke, ta sake dubawa a tafin hannu. In ta ga ɗigon dusa ko guda sai ta maida shi turmi. Matan unguwa suna yi mata tsiya, wai geron Tasalla ya fi amarya shan wanka. Ita kuwa ko a jikinta, shekara talatin da wani abu a kan haka take.

Ba tsabta ce kaɗai ta sa ta haka ba, sai dai ba ta taɓa faɗa wa kowa dalili ba. Tana da shekara takwas a ƙauyensu Maruda aka yi farin nan da ya ƙone gero tun bai fitar da kai ba. Rumbu ya ƙare, sai uwarsu ta koma sayo dusa a kasuwar Gwandu, irin wadda ake ba jakuna, tana dafa musu da ganyen tafasa. Ƙanenta Namadi, ɗan shekara uku, ya ƙi ci. Sai uwar ta riƙa miƙa wa Tasalla lomar farko tana cewa, "Ci ki gwada mishi da daɗi." Tasalla ta ci ta ce da daɗi, yaron ya buɗe baki. Cikinsa ya kumbura, bai ga damina ba. Ko dusar ce, ko yunwar ce, ko kwana ne ya ƙare, yarinya 'yar shekara takwas ba ta san bambanci ba. Ta dai yi wa kanta alkawari, duk wanda ya fito daga jikinta ba zai ɗanɗana dusa ba har abada.

Ta cika alkawarin kuwa. 'Ya'ya biyar ta raina da farin tuwo da fura mai laushi. Da mijinta Malam Salihu ya rasu, ruwa kuma ya kayar da bangon ɗakinta, sai babban ɗanta Lukuman, wanda yake aikin ofis a jami'ar Kalgo, ya zo ya ɗauke ta. Aka ce damina ɗaya za ta yi, kafin a gyara ɗakin. Yanzu damina ta uku ke nan, ba wanda ya sake tayar da maganar ɗaki.

Ita ma ba ta da bakin tayarwa, don Lukuman ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama su yi hira ido da ido. In tana da magana sai ta faɗa wa bango, "A ce wa wancan gero ya ƙare," shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa ya amsa wa bangon, "To, an ji." Da irin wannan zance ana iya sayo gero, amma ba a iya cewa a mai da ni gida.

Gidan na Kalgo ciki da falo ne na haya, sai wani ɗan ɗaki da aka ba ta, tagarsa tana kallon katangar maƙwabta. Tsakar gidan duk siminti. Mai gidan ya hana daka, wai turmi yana fasa masa daɓe, don haka turmin Tasalla yana can Gwandu a kife. Da safe Lukuman ya hau babur, matarsa Sumayya ta tafi shagon buga takardu da take aiki a bakin ƙofar jami'a, a ja ƙyaure a bar tsohuwa da jikarta Sharifa, 'yar shekara huɗu. Ba ta san kowa a layin ba, sai muryar awakin maƙwabcinsu Ɗanjuma. Daga cikin dukan aikin da hannunta ya iya, abu ɗaya ya rage mata, shi ne tace kunu. A jiƙa gero, a kai inji a markaɗo, ita kuma ta zauna da matacinta na farin ƙyalle ta tace, ta sake tacewa, har gasarar ta fito sumul. Dusar da ta rage a miƙa wa awakin Ɗanjuma ta kan katanga.

Sharifa kuwa ta mace a kan kunun nan. Yarinya ce mai zaɓen abinci na ban haushi. Wake ba ta ci, zogale ba ta ci, miyar kuka in ta gani sai ta toshe hanci kamar wata 'yar birni. Abincinta farin burodi, taliyar leda, sai kunun Kaka safe da yamma. Shi ma sai Kaka ta fara kai cokali bakinta tukuna.

Daga nan ciwo ya shigo. Sai yarinya ta kwana uku, wani lokaci huɗu, ba ta yi bayan gida ba. Ciki ya yi tauri, ta daina wasa. Ranar da abin ya matsa sai ta zauna a kan fo tana nishi tana kuka, ta riƙe zanen Tasalla da hannu biyu, gumi yana tsatsafo mata a goshi. Har ta kai in ta hango fo ɗin sai ta gudu bayan ƙofa ta matse ƙafafu. Tasalla ta yi jiƙe-jiƙen da ta sani, ta shafa mata man shanu a ciki, ta tofa addu'a. Tausayin yarinyar yana cin ta, sai ta ƙara tace kunun sau uku, a ganinta cikin da ke ciwo abu mai laushi yake so.

Ranar da aka ga ɗigon jini a fo, Sumayya ta fasa zuwa shago, suka ɗauki yarinya su biyu zuwa asibiti. Malamar asibitin ta danna cikin Sharifa, ta tambayi abin da take ci, Sumayya ta lissafa mata. Sai ta ce, "Wa ka dama mata kunun?"

Tasalla ta gyara zama ta ce, "Ni ce."

"Inna, kina tacewa?"

"Sau ukku, ɗiyata. Ko ƙwayar dusa ba ki samu ciki."

Malamar ta ajiye biro. Ta ce, "To Inna, abin da kike zubarwa shi cikin yarinyar ga ka nema. Dusar ita ka riƙe ruwa ta tausasa bayan gida. Tunda wake da ganye ba ta ci, kunun ga shi na ƙohwarmu. A bar tacewa. A fara da kaɗan-kaɗan, a riƙa ba ta ruwa da yawa, in an samu gwaiba ko gwanda a ba ta." Ta rubuta wani magani na kwana uku, ta ce shi na yau ne kawai, abinci shi ne na kullum.

Tasalla ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Dusa! A gaban surukarta, yarinyar da ba ta kai 'yarta ta uku ba ta ce ta ba jikarta abincin awaki. Haka suka dawo gida.

Nan kuma gidan ya yi tsit a kan maganar. Sumayya tana jin kunyar uwar miji, ba za ta iya cewa Inna ki daina tacewa ba. Ta gaya wa Lukuman, shi kuma ya zo bakin ƙofa ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya gaida bango, ya juya. Ina ɗan fari zai iya gyara wa uwarsa damun kunu? Tasalla kuma da za ta ce ku zauna in ba ku labarin Namadi, wa za ta gaya wa? Mutum uku baligai a gida ɗaya, kowa ya san maganin, kowa ya kama bakinsa, yarinya tana tsakani. Maganin asibiti ya yi aikinsa na kwana uku ya ƙare. Mako bai cika ba Sharifa ta koma bayan ƙofa tana matse ƙafa.

Ran Laraba da hantsi, bayan an ja ƙyaure, Tasalla tana zaune da markaɗe a gabanta, ta gama tacewar farko. Sharifa tana kwance a tabarma ta naɗe kamar mage, tana cewa a hankali, "Kaka, cikina." Awakin Ɗanjuma sun ji lokaci ya yi, suna ta kuka a bayan katanga. Tasalla ta ɗauki kwanon dusa ta miƙe za ta miƙa musu. Ta kai bakin katangar ta tsaya. Ta daɗe a tsaye, tsoro da haushi sun cika ta, haushin malamar, haushin gidan nan mai siminti, haushin kanta. Sannan ta dawo ta zauna, ta ɗebi dusar cokali biyu ta zuba a gasara, ta dama.

Kunun ya fito da ɗigo-ɗigo, abin da a Gwandu ko a duhun almuru ba za ta bari a gani a ƙwaryarta ba. Sharifa ta tashi zaune ta leƙa kofin, ta yamutsa fuska.

"Kaka, mi ne wanga baƙi-baƙi?"

"Kunu na. Sha."

"Ke fara."

Tasalla ta kai cokali baki. Shekara hamsin da wani abu, amma harshenta bai manta ba, ƙaiƙayin nan a maƙogwaro yana nan yadda ta bar shi a Maruda. Ta haɗiye da ƙyar, idonta ya kawo ruwa. Yarinyar ta zuba mata ido tana jira.

"Da daɗi?"

"Da daɗi," in ji Tasalla. Sharifa ta buɗe baki.

Kwana huɗu Tasalla tana bin cikin yarinyar da ido, tana shafawa ta ji ko ya kumbura, tana ɗura mata ruwa kofi-kofi, abinci ma ba ta iya ci. A na biyar Sharifa ta tashi daga fo ba kuka, ta ruga tsakar gida tana ihu, "Kaka, ba zahi!" Da yamma Sumayya ta leƙa kofin kunu ta ga ɗigon dusar, ta durƙusa ta ce, "Sannu da aiki, Inna." Lukuman ya dawo da gwaiba a leda ya ajiye a bakin ƙofarta.

Yanzu matacin yana rataye a ƙusa, ya bushe ƙamas. Turmi yana Gwandu, ɗakin ba a gyara ba, kuma har yau ba wanda ya san an taɓa yin wani yaro Namadi in ba ita ba. Sharifa ta yi kumari, tana tsalle-tsalle a kan simintin mai gida. Amma halinta yana nan. Kullum safe da yamma sai ta tura wa kakarta kofin ta ce ke fara, sannan ta tambaya ko da daɗi. Kullum Tasalla sai ta haɗiye, ta ce da daɗi.