Sakiyar da Na Yi wa Zomon Ɗiyata

Shekarun baya, lokacin ina ganin babu ƙurjin da ya fi ƙarfina a Gwandu, na yi wata aika-aika da har yau ba ni son a tuna mini. To, gara in faɗa da bakina.

Ni dai aji biyu na yi a firamare na ce wa boko sai wata rana. Amma Allah ya ba ni hannun sakiya. In akuya ko jaki ya yi ƙurji, ni ake nema a unguwarmu. In sa basilla a wuta ta yi ja, in huda, mugunya ta tsiyaye, a shafa man shanu, shi ke nan. Har daga Dalijan an taɓa kawo mini rago. Kaina ya kumbura, ya fi ƙurjin girma.

Ina da ɗiya, autata, mai sunan mahaifiyata, don haka Inna nake kiranta. Tana da wani farin zomo mai baƙin kunne ɗaya, wanda ta raina tun yana kamar ɓera. Ba na yanka ba ne. A cinyarta yake cin ganyen dankali. Da aka yi mata aure zuwa Kalgo, sai ta bar mini shi amana, kafin mijinta ya gama haɗa masa keji. Ta ce in na ga wani abu, ko atishawa ce, in gaya mata, akwai likitan dabbobi maƙwabcinsu. Na ce ta tafi abinta, likita na gida.

Wata biyu da tafiyarta, sai ga ƙullutu ƙarƙashin haɓar zomo, kamar goro. Mai ɗakina ta ce in kira yarinya. Na ce jaki ma na kwantar, bare wannan da bai kai takalmina ba. Ta ce, "Malam, jaki dai jaki ne." Na yi kamar ban ji ba.

Na hura garwashi, na naɗe zomon cikin tsohon rawanina, na huda. Ban taɓa sanin zomo na da murya ba sai ranar. Na tara tsumma ina jiran mugunya ta zubo, shiru. Na matsa, sai wani farin abu mai kauri ya leƙo kaɗan, kamar tuwon shinkafa da ya kwana, ya tsaya. Maimakon in gane abin ba irin na akuya ba ne, sai na ce ƙurjin ne bai nuna ba. Na shafa man shanu na sake shi.

Bakin ciwon ya rufe, ƙullutun ya dawo ya fi da. Na sake hudawa. Zomo ya daina cin dusa, yawu na jiƙa masa ƙirji. Kowace Juma'a Inna na kira, bayan ta gaishe mu sai ta tambayi mutuminta, ni kuwa in ce ai har ƙiba ya yi. Juma'a uku ina wannan ƙaryar, mai ɗakina na hararata daga bakin murhu.

Ran da na ɗaga shi na ji kamar tsumma na ɗauka, na sa shi a kwali na hau motar Kalgo. Inna ta tarbe ni da murna, ta ɗauka kawo mata shi na yi. Ta ja ni ta nuna mini kejin: sabon katako, raga, har da kwanon ruwa. Sannan ta buɗe kwalin.

Ba ta yi kuka ba. Mijinta ya kira likitan, saurayi ne sa'an ɗana. Ya duba bakin zomon, ya ce daga tushen haƙori ciwon ya taso. Ya ce mugunyar zomo ba ta gudu kamar ta akuya, cikin wata jaka take, sai an yi aiki an cire ta gaba ɗaya, a ci gaba da wankewa da magani. Da an zo da wuri, da akwai fata, yanzu kuwa ya ci ƙashi. Ya ga tabon wuta guda biyu ya tambayi wa ya yi. Na ce wani tsoho ne can wajenmu. Ya ce Allah ya shirye shi. Na ce amin.

Kwana biyu zomon ya yi a kejin nan.

Da zan tafi, Inna ta rako ni har zaure, ta durƙusa kamar yadda ta saba, ta ce, "Baba, ba sakiyar ta dame ni ba, taimako ka yi nufi. Amma sau uku ina tambayarka."

Na saka takalmina na kama hanyar tasha.

Ta yafe mini tuni, har tana aiko mini da kilishi. Ni kuma na koyi kalmar da ban iya ba sai da furfura: ban sani ba, a kai wa masu sani. Kejin na nan, albasa take ajiyewa a ciki, kuma in na je nakan juya masa baya in zauna.

Bara ɗanta na fari ya yi maruru a cinya. Kowa a gidanmu ya sani, har mai ɗakina ta je dubiya. Ni sai bayan ya warke aka gaya mini.