Dalhatu Kafinta Ya Kai Ɗaki Tsibiri

Dalhatu kafinta ne a unguwar Dawaki, kuma bai taɓa cewa aiki ya fi ƙarfinsa ba. Lokacin da kuɗin mai ya cika gari, kowa na son sabon abu, wani makiyayi mai suna Bamanga ya shigo Gombe sayar da bijimai. Ya bi ta gidajen gwamnati, ya ga tagogin gilashi, ransa ya biya, sai ya nufi wurin Dalhatu.

"Malam kafinta, irin gidan gwamnati za ka yi mini, amma ƙarami," in ji shi. "Duk bukkar da na kafa sai iska ta kwashe."

Dalhatu ya zage ya ƙera ɗaki na katako, rufin kwano, taga biyu, ya shafe shi da koren fenti. Sai da ya gama sannan ya tambayi inda za a kai.

"Tsibiri ne, a tsakiyar kogin Gongola. Can shanuna suke."

Dalhatu kuwa, ruwan da ya fi na bokiti bai taɓa shiga ba. Amma ya riga ya cika baki.

Akori-kura ta sauke su a bakin kogi. Yuguda mai fito ya haɗa kwalekwale biyu ya ɗaure, aka ɗora ɗakin a kai. Dalhatu ya ce zai duba wata ƙusa, ya shige ciki ya sa sakata, don kada ya ga ruwan.

Suna kaiwa tsakiya iska ta taso. Ta daki bangon ɗakin, jiragen suka fara juyawa kamar faifai.

"Kafinta, buɗe tagogin iska ta wuce!" Yuguda ya yi ihu.

"Ba za su buɗu ba, fenti ya kama su!"

"Ɗazu na ga ka rufe su da hannunka!"

Ba a ƙara jin komai daga ciki ba sai salati. Gorar tuƙi ta suɓuce wa Yuguda, sai ya rungume bangon ɗakin. Iskar ce ta tura su har tsibirin, ta kafe su cikin taɓo, nesa da inda Bamanga ya share. Shanu suka taru suna kallo.

Bamanga ya zagaya ɗakin ya ce, "Nan ma ya yi."

Da aka ce a koma, Dalhatu ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka jirgi ba. Bamanga kuwa ba ya korar baƙo, sai ya bar masa ɗakin, shi ya ci gaba da kwana a ƙarƙashin itace. Haka Dalhatu ya zauna yana shan kindirmo har rani ya yi, ruwa ya koma iya gwiwa. Ko a nan sai da aka ɗora shi a bayan takarkari.

Ya iso Dawaki kumatu sun cika, yana gaida maƙwabta da Fulatanci. Matarsa Barira ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Malam, ni da na zauna ina ramewa saboda kai, ashe ƙiba kake yi?"