Lukuman, Wanda Ya Ƙi Sa Hannu

Ranar Alhamis, 18 ga Satumba 2025, Rahmatu ta kira ni daga Zuru ta ce ciwon hanta ya yi ajalin maigidanta, Injiniya Lukuman Rikoto. Ina tsaye ƙarƙashin fiffiken jirgi a Legas, na nemi wuri na zauna.

Lukuman, tare muka tashi. Shagon mahaifina na kusa da gidanku, kuma mahaifiyarka, Inna Saloma, ba ta taɓa zuba maka tuwo ta manta da ni, Nnaemeka ɗan masu shago, ba. Tare muka koyi gyaran injin jirgin sama. Da na faɗi jarrabawa na ɗaure kayana zan koma gida, kai ka kwance su.

Ba zan manta da shekarar da hukuma ta wajabta binciken fukafukan da ke matse iska cikin injin ba, saboda an gano suna tsagewa. Aikin gajiya ne: a zura siririyar kyamara cikin injin, a juya fukafukan ɗaya bayan ɗaya. Wata rana aka aiko cewa Inna tana kwance rai a hannun Allah, jirgin da muke dubawa kuwa shi ne zai kai ka Sakkwato, ka ƙarasa gida a mota. Sai ka hango wani layi kamar silin gashi a gindin fiffike guda. Na ce wataƙila datti ne. Ka goge, ka sake dubawa, layin na nan. Ka ajiye biro, ka ƙi sa hannun da zai bar jirgin ya tashi.

"Nna, kowa a cikin jirgin nan akwai mai jiransa. Ba ni kaɗai ke da uwa ba."

Aka dakatar da jirgin, ka bi hanyar mota. Ka isa gida Rikoto an riga an kai Inna makwancinta. Da aka kwance injin, tsagar ta ci fiye da rabin ƙarfen. Fasinjojin sun yi ta faɗa, ba wanda ya san sunanka, kai kuma ba ka sake tayar da zancen ba.

Da na zo duba ka a watan jiya, ka rame ƙwarai, amma tambayarka ita ce ko har yanzu ana binciken a kan lokacinsa. Na ce ana yi. Yau ina ƙara maka da alkawari: muddin ina wannan aiki, hannuna ba zai sauka a kan takardar injin da idona bai gamsu da shi ba, ko wa ke jira.

Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sada ka da Inna cikin rahamarsa. Rahmatu, da 'ya'yanki Munira da Farida, da dukan dangi na Rikoto da Mahuta, Allah ya ba ku haƙuri. Gidana gidanku ne, kamar yadda naku ya zama nawa.