Littafin da Baffa Ya Ƙwace

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Lahadi al'amura suka fara lalacewa. Na riƙe lokacin domin agogon bangon maƙwabciyarmu yana saman talabijin ɗinta, idona kuwa ba ya barin wajen.

A gidan haya muke a Sharada, bayan wani kamfanin roba, inda warin narkakkiyar roba ke kama ko wankin da aka shanya. Maƙwabciyar 'yar Filato ce, a kamfanin take aiki. In ta dawo daga coci sai ta sa faifan fim na 'yan sanda da masu kisa, cikin harshen da babu wanda ya taɓa jin sa a gidanmu. Fassarar Turanci ce ke wucewa a ƙasa, ni nake karantawa ina mayar wa matan gida da Hausa. Ina aji biyu na sakandare, ko gaisuwa da ƙyar ake jin muryata, amma a ɗakin nan ni ce mai baki.

"Ke 'yar boko, me ƙaton nan ya ce?"

"Mama, tsayar tukuna, rubutun ya gudu," sai in ce wa maƙwabciyar.

Kada ka ce mini ai akwai fina-finan da aka ɗora wa muryar Hausa. Na gan su, mai fassara yana cusa barkwancinsa a bakin mai makoki. Ni na fi son in ji muryar mutum yadda Allah ya yi ta, tana rawa lokacin da yake ƙarya, ko ban san kalma ɗaya ba. Irin wannan fim ba a kallonsa ana tsince shinkafa. Ka ɗauke ido, layi ɗaya ya wuce, mai laifi ya tsere maka. Shi ya sa na ware littafi ina rubuta wanda ya shiga, da ƙarfe nawa, da abin da kowa ya gaya wa ɗan sanda.

A ranar Lahadin nan Baffa, yayan mahaifina, malamin hadisi a Zawaciki, ya zo gidanmu. Aka fito da ni da littafin a hannu, saura kaɗan a gano mai kisan. Ya buɗe, ya ga gawa a shafin farko, ya zura shi a aljihu.

"Yarinya mace tana lissafin gawa? Kada ta ƙara shiga ɗakin nan."

A wajen mahaifina ba a musu da yaya. Na bi umarni, ban ƙara shiga ba. Amma ban ce na tuba ba, domin ban ga laifin da na yi ba, har yau kuma ban gani ba. Duk Juma'a in muka je gaisuwa sai in durƙusa, in gaishe shi yadda ya kamata, sannan in ce, "Baffa, ko kun gama da littafina?" Mahaifiyata ta mintsine ni har cinyata ta yi baƙi. Shi ko kallona ba ya yi. Maƙwabciya kuwa ta naɗe faifan a leda ta ajiye. "Sai kin dawo," in ji ta, "mu kurame ne in ba ke."

Yanzu ina jami'a, a waya nake kallon irin fina-finan nan ni kaɗai, babu mai tambayata me ƙato ya ce. An rufe kamfanin, maƙwabciya ta koma garinsu. Littafin dai yana cikin akwatina.

Ga yadda ya dawo hannuna: a Juma'a ta tara da ƙwace shi na sake tambaya. Baffa ya ɗaga buzun da yake zaune, ya zaro littafin. Gefen shafukan duk jan tawada ne, da rubutunsa.

"Kin gaskata mai gadi don ya yi kuka," ya ce. "A shafi na huɗu ya ce ƙarfe tara yana barci. A na shida ya ce ƙarfe tara ya ji tashin mota. Mu a wajenmu ba a karɓar ruwayar irin wannan mutum. Je ki ƙarasa kallon, ki dawo ki gaya mini in na yi kuskure."