Ɗaki a Ƙauyen Inabi

A shekarar da matata ta rasu, na karɓi hutun kwana goma daga ofishin rajistar kaya na tashar jiragen ruwa, inda na yi aikin magatakarda tun ina saurayi. Zafin Jidda ya kai iyakarsa, gidanmu na unguwar Mahjar kuma ya yi mini faɗi. Ba mu haihu ba. Abin da nake nema kaɗan ne: kwana goma a wurin da ba zan riƙa jin kamar za ta fito daga kicin ba.

Mutanen Jidda kan hau duwatsun Ɗa'if lokacin da inabi ya nuna. Ban taɓa zuwa ba, saboda haka na yi abin da na saba. Na ja layi a littafina, na rubuta wurare uku na yankin, Hada, da Shafa, da kwarin Liyya, na bi abokan aiki ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Hada ta fi kusa da hanyar mota, amma masu hutu sun yi yawa. Liyya tana da ruwa da rumman, sai dai ba ta da sanyi sosai. Shafa tana can sama, hazo yana sauka har cikin lambuna. Na yi mako biyu ina aunawa, na zaɓi Hada. Babu ko ɗaya daga cikin waɗanda na tambaya da ya ga ya dace ya gaya mini abin da ya fi muhimmanci.

Wani dillalin gidaje a wani gidan shan gahawa na Ɗa'if ne ya gaya mini.

"Iyali nawa, ya ustaz?"

"Ni kaɗai."

Ya ajiye kofinsa. "Halas, magana ta ƙare. Ba a ba gwauro ɗaki a ƙauye. Tsakar gida ɗaya ce, rijiya ɗaya, matansu na kai da kawo."

Na buɗe jakata, na fito da takardar aurenmu da ta rasuwarta, na shimfiɗa su a gabansa. Na ce masa shekara ashirin da biyu na yi da aure, kuma babu maƙwabcin da ya taɓa kai ƙarata. Har yau ina ganin rashin adalci ne a ce mutuwa ta mayar da dattijo cikin sahun samari.

"Allah ya ji ƙanta," in ji shi. "Amma takarda ba ta ɗibar ruwa a rijiya. Ka ce iyalinka na tafe jibi. Kowa haka yake yi, kai ne kawai ka zo da fayil."

Na ƙi. Na tafi Hada da kaina, na faɗi gaskiya a gida uku, aka ba ni gahawa aka raka ni ƙofa. A Liyya ma haka. Na kwana biyu a masaukin direbobi. Rana ta uku na isa wani ƙauye a Shafa, na iske wani dattijo yana ɗaure rassan inabi a jikin rumfa. Ya ce yana da ɗaki. Ya tambaye ni ina iyalina. Ni da ban taɓa sauya lamba ɗaya a rajista ba, na ji bakina ya ce, "Tana tafe jibi."

Ɗakin na dutse ne, tagarsa tana kallon lambu. Na sami sanyin da nake nema, na yi barci har rana ta fito. Amma da hantsi sai na ga an shigo da katifa ta biyu, da madubi, da tulu sabo. Maigidan ya ce matarsa ce ta aiko. Ta daɗe ba ta yi baƙuwa daga birni ba, tana so ta ji labarin teku.

Ranar da na ambata ta zo. Bayan la'asar maigidan ya ce, "Yalla, tashi, motar Ɗa'if ta kusa, kada ta sauka ba ta gan ka ba." Na sauka bakin hanya, na zauna a kan dutse. Motar ta zo, mutum biyu suka sauka da buhun gari, ta wuce. Na koma na ce wataƙila gobe. Washegari ma na sauka. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, da motar ta kunno kai daga kwana, na miƙe tsaye ina leƙa tagoginta.

Da na dawo na tarar da faranti a ƙofar ɗaki: inabi mafi kyau na lambun, da kwalbar ruwan wardi, da lalle a ƙullin ƙyalle. Na ɗauki farantin, na je na sami maigidan a ƙarƙashin rumfa, na gaya masa komai ba tare da ragi ba.

Ya daɗe yana juya wuƙar yankan inabi a hannunsa. "Ni da kai mu maza ne, za mu daidaita," ya ce. "Amma matata ta kwana biyu tana shara. Ba ni zan gaya mata ba. Je ka ƙofa ka faɗa da bakinka."

Na tsaya a bayan labulen ƙofar cikin gida, na yi sallama, na kira ta da hala, wato inna, na ce, "Ya hala, matar da kike jira ta rasu wata huɗu da suka wuce. Ƙarya na yi don a ba ni ɗaki."

Sai ta tambaye ni sunan matata. Na faɗa. Tun ranar jana'iza ban furta shi a fili ba. Ta maimaita shi, ta yi mata addu'a da sunan, sannan na ji takunta ya koma ciki.

Maigidan ya ce zan iya zama har Juma'a, in dai zan riƙa bi ta ƙofar lambu. Na yi masa godiya. Amma ba zan iya sake kwana kusa da katifar nan ta biyu ba. Da safe na hau motar Ɗa'if. Sauran kwanakin hutun a ofis na yi su, kuma babu wanda ya tambaye ni dalili.