Keken Kawu Gado a Ƙofar Bariki

Har gobe ba zan manta da ranar da aka gurfanar da kawuna a gaban kumandan, wato Baturen mulki, ba, ni kuma ina tafinta. A Gaya ne, dab da ƙarshen mulkin Faransa, lokacin da siyasa ta ɗau zafi. Wanda duk aka ce yana da tsattsauran ra'ayi, Yamai ake kai shi, wani sai iyalinsa su fid da rai.

Ku yara ba ku sani ba, a wancan zamani ba a wuce ƙofar bariki a kan keke. Sai ka sauka, ka tura. Kawu Gado, tela ne mai taurin kai, ranar nan ya wuce a kan nasa, har da buga ƙararrawa. Gardawa, wato dogaran bariki, suka cafke shi.

Aikin tafinta shi ne ya faɗi abin da aka faɗa, ba ragi ba ƙari. Ni kuwa wallahi na san bakin Kawu.

Kumandan, baƙo ne a garin, ya ce in tambaye shi wace jam'iyya ta zuga shi.

Kawu ya ce, "Ɗana, gaya masa ba wanda ya zuga ni. Na gaji ne. Ya nuna mini dokar da ta ce in sauka."

Na ce a hankali, "Haba Kawu, a sassauta mana."

"Faɗi yadda na faɗa!"

Na faɗa. Kumandan ya juya wajen birgadiye, wato shugaban gardawa, ya ce wace doka ce. Tsohon ya yi ta sosa ƙeya, can ya ce wani kumandan ne na dā, dokinsa ke firgita da keke, shi ya sa aka ce a riƙa sauka.

"Ina dokin?"

"Ya daɗe da mutuwa, Musye."

Kumandan ya yi dariya har da tari, ya ce a saki mutumin nan. Kai, sai na yi ta alhamdu lillahi.

Aikin nan ya koya mini cewa wanda hukuma ke kira mai tsattsauran ra'ayi, sau da yawa mutum ne da ya riga kowa tambaya. Mu da muka yi shiru, shekara da shekaru muna sauka saboda mataccen doki.